Lomar da Ba a Taunawa: Tarihin Yawu daga Ɗakin Bincike zuwa Bakin Gadar Anaca

Motar da ta ɗauko kaya daga Kano ko Gusau ta biyo ta Lokoja, in ta haye Kwara daga Asaba, farkon inda tayarta ke taka ƙasar Anaca shi ne wurin da kowa ke kira Head Bridge. Wani kamfanin Faransa mai suna Dumez ne ya gina gadar, aka kammala ta a ƙarshen 1965, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya buɗe ta saura makonni kaɗan a yi juyin mulkin Janairun 1966. Yaƙin basasa ya karya ta daga gefen Anaca, aka gyara bayan an ajiye makamai, ta ci gaba da ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta har aka yi mata ƙanwa a 2023. Amma Hausawa sun riga gada zuwa. Wasu aikin soja ya kawo su zamanin da Kamfanin Neja ke da hedkwata a Asaba, wasu farautar giwa, wasu fatauci. Da layin dogo ya tashi daga Fatakwal ya isa ma'adinan kwal na Inugu a 1916, daga baya ya zarce ya haɗe da Kaduna, sai zanguna suka yi ta tsirowa a garuruwan Gabas, har ta kai wani Bafulatanin ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

Abin da Arewa ke saukewa a nan yawancinsa na ciki ne: wake, gero, dawa, masara, albasa, tumatir, shanu da awaki, da gurjiyar da mutanen Inugu ke yin okpa da ita. Abin da ƙasar ke tarbar baƙo da shi kuwa doya ce da rogo. Ɗan dako ko mai lodin da ya shekara a bakin gada yakan karya da koko da ƙosai, da rana ya zauna a benci ɗaya da Ibo su ci teba ko akpu, da dare ya nemi tuwon masara wajen 'yan uwa. Harshe daban, sutura daban, amma ka dubi hannayensu da maƙogwaronsu. Kowa gutsurowa yake yi, ya mulmula, ya dangwali miya, ya haɗiye. Babu mai taunawa. Wanda ya tsaya yana tauna tuwo, a Anaca ko a Kano, sai an ɗaga kai an dube shi.

Sai ga shi ɗan kowannensu yana zuwa sakandare ana koya masa cewa a baki ake fara narkar da abinci, cewa akwai wani sinadari a yawu mai suna tayalin wanda ke mayar da sitaci sukari, saboda haka a tauna abinci sosai kafin a haɗiye. Yaro ya haddace, ya ci jarrabawa, ya koma gida ya haɗiyi lomarsa kamar yadda kakansa ya yi, ya kuma yi ƙiba. To, ko littafi ne ya yi ƙarya, ko kuwa al'umma biyu ce ta daɗe tana cin abinci ba daidai ba? Ko ɗaya babu. Amma kafin a gane haka sai an bi yadda aka yi ilmin ya zo.

Tsofaffin likitoci ba su raina yawu ba. Jalinusu, likitan Girka da ya yi aiki a Rum a ƙarni na biyu, ya lura cewa alkamar da aka tauna aka ɗora a kan maruru tana nunar da shi, alhali wadda aka kwaɓa da ruwa ba ta yin haka, ya ce lalle akwai wani canji da baki ke yi wa abinci. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo wannan hujjar a Al-Ƙanun fiɗ Ɗibbi, inda ya lissafa tauna a matsayin farkon dahuwar da jiki ke yi wa abinci. Ko alkama na nunar da maruru ko ba ta yi, wannan wata magana ce. Abin lura shi ne sun hango cewa aikin yawu ya wuce jiƙa abinci. Hangen ya tsaya a nan shekaru ɗaruruwa, don babu abin gwada shi.

Masu feɗe gawa ne suka fara gano inda yawun ke fitowa. A 1656 Thomas Wharton na Landan ya bayyana bututun da ke kawo shi daga maɓuɓɓugar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi. A 1660 wani saurayi ɗan Denmak, Niels Stensen, yana feɗe kan tunkiya a Amsterdam, ya zura siririn ƙarfe a wata kafa sai ya ji ya ƙwanƙwashi haƙori, ashe ya faɗa cikin bututun babbar maɓuɓɓugar da ke gaban kunne. Ita ce ke kumbura in yaro ya kamu da hangum. Ta uku tana ƙarƙashin harshe. Kowace biyu ce, dama da hagu, ga kuma ɗaruruwan ƙanana a leɓɓa da ganɗa da kumatu. Tsakaninsu suna zubo rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini, kashi 99 cikin ɗari ruwa ne zalla. Duk rigimar da za ta biyo baya a kan ragowar kashi ɗayan nan ce.

Ƙarni na sha takwas tumbi ya kalla, ya manta da baki. Malamai sun rabu: wasu sun ce niƙa abinci tumbi ke yi, wasu sun ce ruɓar da shi yake yi. A 1752 Bafaranshe Réaumur ya riƙa ɗura wa wata shirwa da yake kiwo 'yan bututan ƙarfe masu huji da nama a ciki, in ta amayo su ya tarar naman ya narke ba tare da an niƙa shi ba. Spallanzani na Italiya ya wuce nan, ya riƙa haɗiyar 'yan jakunkunan ƙyalle da abinci a ciki da kansa. Aka tabbatar ruwan tumbi narkarwa yake yi. Yawu kuwa aka bar shi a matsayin ɗan rakiya.

Hasken ya ɓullo daga wajen masu neman sukari, ba daga likitoci ba. Yaƙe-yaƙen Napoleon sun toshe hanyar sukarin rake zuwa Turai, kowa ya shiga neman madadi. A 1811 Kirchhoff, a birnin St. Petersburg, ya dafa sitaci da ruwan asid ya samu sukari, bayan 'yan shekaru kuma ya nuna cewa hatsin da ya fara tsira yana yin wannan aikin ba tare da asid ba. A 1814 aka gano a Faransa cewa aidin na mayar da sitaci shuɗi, wanda ya ba kowa hanya mai arha ta sanin ko sitaci na nan ko ya ɓace. Gwajin nan ne har yau ake yi wa ɗaliban sakandare. Da waɗannan a hannu, wani Bajamushe mai suna Erhard Leuchs ya zuba yawu a dafaffen sitaci a 1831, ya ga ya tsinke ya koma sukari. Shekara guda kenan bayan 'yan uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun gangara ta wannan yanki na Kwara cikin kwalekwale suna neman inda kogin ya faɗa teku. A 1833 Payen da Persoz suka ware sinadarin daga tsiron sha'ir a Faris, a 1845 Mialhe ya ware ɗan uwansa daga yawun mutum. Kühne na Heidelberg ya raɗa wa dangin sinadaran suna enzayim a ƙarshen shekarun 1870. Sai a 1926 James Sumner ya nuna a Amurka cewa enzayim furotin ne, kuma sai ƙarshen shekarun 1940 aka tace na yawun ɗan Adam tsantsa a Janeba, a ɗakin binciken Kurt Meyer. Sunan tayalin ya tsufa a wajen masana, yanzu amilez suke cewa, ko da yake littattafan makarantunmu sun riƙe tsohon gam.

Ga yadda abin yake. Sitaci, wanda dai shi ne ake sa wa shadda ta yi ƙyalli ta tsaya, kamar dogon carbi yake, kowace ƙwaya sukarin gulukos, dubbai a jere, wani zaren miƙaƙƙe wani mai rassa. Harshe ba ya jin zaƙin carbin in yana haɗe, hanji kuma ba ya iya tsotse shi. Amilez shiga yake yi ta tsakiya yana tsittsinka zaren, ya bar guntaye masu ƙwaya biyu, uku, ko goma, shi kuwa ba ya ƙarewa, yana gama wannan ya koma wancan. Wanda ke son shaida ya sa gurasa ko dafaffen rogo a baki, ba sukari ba ƙuli, ya yi ta tauna minti biyu bai haɗiye ba, zai ji zaƙi-zaƙi na tasowa. Amma sinadarin na da sharuɗɗa. Ɗanyen sitaci a dunƙule yake, da ƙyar yake shigarsa, sai wuta ta kumbura shi. Yana son ɗumin jiki, tafasa na kashe shi. Ba ya kuma jure tsami mai ƙarfi, ga shi tumbi cike yake da asid.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ne ya sa Claude Bernard, babban masanin aikin jiki na Faransa, ya rage wa yawu daraja a tsakiyar ƙarni na sha tara. A ganinsa, abinci bai daɗe a baki ba balle a ce an narkar da shi, kuma ainihin aikin na fankiriyas ne, wata 'yar tsoka da ke kwance a bayan tumbi tana zuba nata amilez ɗin cikin ƙaramin hanji. Ya yi gaskiya da yawa, amma ya ɗan zarce. Littafin Guyton, wanda ɗaliban likitanci ke dakonsa daga Zariya har Inugu, ya ƙiyasta cewa abin da ke narkewa a baki bai wuce kashi 5 cikin ɗari na sitacin ba, sai dai abincin da aka tauna ya cakuɗa da yawu yakan zauna a saman tumbi har kusan awa guda kafin asid ya ratsa shi, kuma a wannan zaman kashi 30 zuwa 40 na iya narkewa. Wato yawu a tumbi yake yin mafi yawan aikinsa, in dai an cakuɗa shi da abincin.

Lomar tuwo ba ta samun wannan cakuɗawar. Bayanta kawai yawu ke shafa, shi ma miya ta riga ta lulluɓe shi. Haka take sauka a dunƙule, tumbi ya murje ta, fankiriyas ya karɓi aikin gaba ɗaya, kuma yana da amilez da ya ishe shi har da ragi. Shi ya sa ba a taɓa jin wanda ya rame don ya ƙi tauna sakwara ba. Ni dai a ganina, darasin da ake koya wa yaranmu an rubuta shi ne a ƙasashen masu cin busasshen burodi, inda in ba ka tauna ba sai ka shaƙe, aka kwafo mana shi ba a leƙa akushinmu ba. Can ɗin ma an taɓa yin wuce gona da iri. Wani Ba'amurke, Horace Fletcher, ya yi suna a farkon ƙarni na ashirin da wa'azin cewa a tauna kowace loma har ta zama ruwa, attajirai da marubuta suka bi shi, ana zaune a teburi ba mai magana sai motsin muƙamuƙi. Da ya rasu a 1919 ɗariƙar ta bi shi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne inda aikin bakin ya koma, don bai ɓace ba, hannun mata ya koma. A bi hatsi daga rumbu zuwa malmala: a surfe, a wanke, a shanya, a niƙa, a tankaɗe, a yi talge, a zuba gari, a tuƙa har ya yi laushi. Duk abin da turamen haƙora za su yi, turmi da dutsen niƙa da muciya sun gama shi. Doya ma haka, a dafa a kirɓa har ta yi danƙo. Saura santsi. A yawu akwai wani furotin mai yauƙi wanda aikinsa shi ne ya naɗe abinci ya zame ta maƙoshi ba tare da ya kankare shi ba. Mai haɗiyar loma mai girman ƙwai na buƙatar fiye da abin da baki zai bayar cikin daƙiƙa biyu, sai tukunya ta cike giɓin. Kuka, kuɓewa, karkashi da lalo a wajenmu, ogbono da kuɓewa a wajen Ibo. Ba banza ba ne miyar yauƙi ta yi sarauta daidai a yankin duniyar da ake haɗiyar tuwo.

Har aikin amilez ɗin kansa an fitar da shi waje. Mai yin kunun zaƙi takan raba ƙullunta biyu. Kaso mai yawa ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta bar shi ya sha iska, sannan ta zuba ɗanyen kason da ta niƙa tare da dankali ko tsiron hatsi, ta rufe ya kwana. Da safe kaurin ya tsinke, zaƙi ya fito tun ba a sa sukari ba. In ta yi garaje ta haɗa da zafinsa, kunu ya ƙi. Ba ta san sunan Kirchhoff ba, amma gwajinsa take maimaitawa, har da kiyaye sharaɗin zafi, domin dankali da hatsin da ya tsira duk suna ɗauke da nasu amilez. Tsirar da dawa don ta ba da zaƙi tsohuwar sana'a ce a Afirka. A Kudancin Amurka kuwa wasu al'ummu hanya mafi kusa suka bi: mata su tauna masara ko dafaffen rogo su tofa a tukunya, yawu ya mayar da sitacin sukari, sannan a bar shi ya tsimu a sha.

Daga can ɗin rogo ya zo mana. Turawan Fotugal ne suka ɗauko shi daga Barazil, ya daɗe a bakin teku kafin ya shigo ciki. A ƙasar Ibo doya ce sarauniya, noman maza, mai biki nata na kanta. Masanin tarihi Don Ohadike ya nuna a wani bincike na 1981 cewa annobar murar 1918 zuwa 1919 na cikin abin da ya buɗe wa rogo ƙofa a wannan yanki na ƙasan Kwara: ta kwantar da majiya ƙarfi, doya kuwa na son aiki, rogo ba ya so, sai mata suka rungume shi. Yau Nijeriya ce kan gaba a duniya a noman rogo da doya duka. Amma rogo mai ɗaci da dafinsa yake tafe, kuma a nan ma enzayim ne ke aiki. A cikin saiwar akwai wani sinadari da wani enzayim da aka raba musu ɗaki. In an gurza ko an jiƙa, sai su haɗu su saki gubar sayanayid, ta bi ruwa ko iska ta fita. Kwanakin da rogon akpu ke yi a ruwa, da matsewa da suyar gari, duk don a ba wannan haɗuwar lokaci ne ta faru a waje maimakon a ciki. Ɗan abin da ya rage, jiki na juya shi zuwa wani gishiri mai sauƙin illa wanda ke fita ta fitsari, wani kuma ya ɓullo a yawu. Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya danganta wata cutar jijiyoyi mai sa tangaɗi da raunin gani da dogaro ga rogon da bai sarrafu ba, a binciken da ya yi a ƙarshen shekarun 1960.

Inda yawu ya fi nuna ƙarfinsa a fili shi ne kwanon jariri. Kowace uwa ta san in tana ba yaro koko mai kauri tana mayar da cokalin da ya lasa, kafin a kai rabi kokon ya tsinke ya zama ruwa. Ɗigon yawun da ke jikin cokali ya isa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga jariri, domin fankiriyas ɗinsa ba ya fara ba da amilez sosai sai ya yi watanni, na yawunsa ne ke rigan zuwa, nonon uwa ma na ɗauke da wani. Akwai kuma wani enzayim mai fasa maiƙo da ke fita daga can bayan harshe, wanda Margit Hamosh ta bayyana a 1973 a jikin ɓeraye. A mutum kaɗan ne, na tumbi ya fi shi aiki. Tauna wa yaro abinci kafin ya yi haƙori al'ada ce da ta game duniya, har littattafan fiƙihun Malikiyya sun yi magana a kan mai azumi da ke tauna wa yaro, suka ce makaruhi ne, kuma malamai ba sa yanke hukunci a kan abin da ba a yi. Likitocin yau suna jan kunne a kai, musamman in uwa na da gyambon baki ko dasashi mai jini, tun da a 2009 aka ba da rahoton yara uku a Amurka da suka kamu da ƙanjamau ta wannan hanya. Masu binciken abincin yara a Tanzaniya da Indiya sun nuna wata mafita tun shekarun 1980: a barbaɗa ɗan garin tsiron hatsi a kunu mai kauri, ya tsinke nan take, yaro ya sha mai yawan gari a ƙaramin ciki, maimakon a tsinka masa da ruwa ya cika tumbi da abin da ba ya ƙosarwa.

Kada kuma a ɗauka Bahaushe ba ya tauna. Yana yi, sai dai ba tuwo ba: rake, aya, gyaɗa, gasasshiyar masara, kilishi, sannan uban tafiya, goro. Ibo na da nasu goron mai ɓari uku ko fiye, wanda ba a fara taro sai an fasa shi da addu'a, namu mai ɓari biyu kuwa sunan Hausa suke kiransa da shi. Baurin da goro ke bari a baki aikin tanin ne, dangin abin da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Tanin kama furotin yake yi ya daskarar da shi, har da amilez. Yawu na da wasu furotin da ke tarbarsa su riƙe shi kafin ya yi ɓarna a ciki, kuma wannan kamawar ce ke ɗauke santsin baki ka ji ya yi ƙanta. Da dawa aka tabbatar da haka. A 1983 Haile Mehansho da abokan aikinsa a Jami'ar Purdue suka ciyar da ɓeraye da irin dawar nan mai yawan tanin wadda tsuntsaye ke gudu. Kwanakin farko ɓerayen suka rame, sai maɓuɓɓugan gaban kunnensu suka kumbura suka fara zubo waɗannan furotin da yawa, suka ci gaba da girma.

Saniyar da aka sauke daga tirela tana tuƙa, dalala na zuba, ita kam ta fi kowa yawu, sama da lita ɗari a yini. Amma kusan babu amilez a ciki. Nata yawun kanwa-kanwa ne, aikinsa kashe tsamin babban tumbinta don ƙwayoyin da ke narkar mata da ciyawa su rayu. Kare da kyanwa ma ba su da wani abin kirki. Abin mamaki, kare ne aka fi sani a tarihin yawu, saboda Pavlov na Rasha, wanda ya ci kyautar Nobel a 1904 kan narkewar abinci, da karnuka ya nuna cewa yawu na tsinkewa tun kafin abinci ya taɓa harshe, da ganin mai kawo shi ko jin motsinsa.

Mutum ne ya fita daban, kuma a 2007 aka ga dalili. George Perry da Nathaniel Dominy da abokansu suka ƙirga kwafin ƙwayar gadon da ke sa a yi amilez na yawu. Birin cimfanzi na da biyu. Mutane kuwa daga biyu har goma sha biyar, kuma mai yawan kwafi ya fi yawan sinadarin a bakinsa. Cikin al'ummu bakwai da suka gwada, masu cin sitaci da yawa, wato Japanawa da Turawan Amurka da Hadza na Tanzaniya masu tonon saiwoyi, kashi 70 cikin ɗari na da kwafi shida ko fiye. Cikin masu rayuwa a kan nama da nono da kifi, irin su Mbuti na dajin Kwango da makiyayan Datog da Yakut na Saiberiya, kashi 37 ne kawai. Babu Bahaushe ko Ibo a cikin bakwai ɗin. Bincike biyu da suka fito a 2024 sun ƙara cewa ninkuwar ta fara tun dubban ɗaruruwan shekaru kafin noma, amma ta ƙaru da sauri bayan an fara shuka hatsi. In da fankiriyas ya wadatar kamar yadda Bernard ya ɗauka, me zai sa jiki ya yi ta tara wannan kwafi?

Wani ɓangaren amsar kamar yana wajen sanarwa ne. Abigail Mandel da Paul Breslin sun gwada mutane a Filadelfiya a 2012, suka ba su ruwan sitaci, suka tarar masu yawan amilez sukarin jininsu bai hau kamar na masu ƙarancinsa ba, saɓanin abin da kowa zai zata. Bayaninsu shi ne ɗan sukarin da ke fita a baki na sanar da jiki abin da ke tafe, insulin ya fito da wuri ya tare shi. Gwaji ne na mutane kaɗan, kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Ga kuma aikin tsaro, wanda bai shafi narkarwa ba. A ƙarshen 1921 Alexander Fleming, yana fama da mura a asibitin St. Mary's na Landan, ya ɗiga majinarsa a faifan da yake kiwon bakteriya, ya ga ta narkar da wasu. Ya sami sinadarin a hawaye da yawu da farin ƙwai, ya kira shi laisozayim, shekaru kafin ya gano fenisilin. Wanda yawunsa ya ƙafe ne ya san darajar wannan: haƙora su rube, harshe ya tsage, abinci ya rasa ɗanɗano. Magunguna da yawa na jawo bushewar baki, na mura da ƙaiƙayi, da wasu na hawan jini da na damuwa, irin waɗanda ake saye katon-katon a Ogbo Ogwu, babbar kasuwar magani da ke nan Head Bridge. Amilez kansa ba kullum yake abokin haƙori ba. Burodi da biskit da cincin na maƙalewa a tsakanin haƙora, ya mayar da su sukari a wurin, bakteriya su ci su fitar da tsami mai cin haƙori, ga shi in an yi barci yawu kusan tsayawa yake yi. Ta wannan fuskar, mai shan shayi da burodi da tsakar dare ya kwanta ba asuwaki ya fi mai haɗiyar tuwo shiga haɗari.

Saura tambayar da masu ciwon sukari ke yi, ko haɗiya ba tauna na rage musu hawan sukari. An taɓa gwadawa. A 1986 Nicholas Read da abokansa a Sheffield ta Ingila suka ba mutane shinkafa da masara da dankalin Turawa da tuffa, wani lokaci su tauna, wani lokaci su haɗiye haka nan, aka ga sukarin jini bai hau sosai ba in an haɗiye. Sai dai abin da suka haɗiya ƙwayoyi ne da yanka-yanka waɗanda ginin cikinsu bai rushe ba, ruwan hanji sai ya bi su a hankali daga waje. Tuwon shinkafa da sakwara da teba ba haka suke ba. An riga an niƙa, an dafa, an tuƙa ko an kirɓa, sitacin ya buɗe sarai, yana isa ƙaramin hanji amilez na fankiriyas ya afka masa ta ko'ina. Injin niƙa na zamani da garin leda mai laushin hoda sun ƙara saurin abin fiye da zamanin dutsen niƙa, lokacin da gari ke fita da tsakinsa da ɗan dusarsa. Sakamakon Sheffield ya fi kusa da mai cin dambu ko wake da shinkafa ko dafaffiyar masara, ba mai malmala uku da miyar kuka ba.